Neman Shawara Kan Ɗaukar Hotunan Kasuwannin Abinci a Birnin Guangzhou

Abdul_Mai_Kyamara ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da niyyar zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin a tsakiyar watan Oktoba, idan Allah ya kai mu, domin halartar bajekolin Canton, wato babban baje kolin kayan kasuwanci da ake yi a birnin, kuma na tsara cewa bayan kammala abin da ya kai ni zan ƙara wasu kwanaki saboda wani buri da na daɗe da shi, wato ɗaukar hotunan kasuwannin abinci da rayuwar yau da kullum ta mutanen birnin. Ba hotunan dogayen gine-gine da hasumiyar Canton nake nufi ba, domin irin waɗannan sun cika intanet. Abin da raina yake so shi ne hoton mai sayar da ganye tana jera kayanta da sassafe, da mai kifi yana aikin gyara, da tsohuwa tana zaɓen citta, da ma'aikata suna karin kumallo a tsaye kafin su wuce wurin aiki.

Ina da kyamara maras madubi, da gilashin kyamara, wato lens, mai tsawon milimita 35, da kuma wani mai zuƙowa har milimita 200. Tambayoyina su ne: waɗanne unguwanni da kasuwanni ya kamata in nufa, kuma a wane lokaci? Shin mutanen wurin suna ƙyamar a ɗauke su hoto, musamman idan mai ɗaukar baƙo ne baƙar fata wanda ba ya jin Sinanci? Akwai wata doka da ta hana? Sannan na ji an ce hasken cikin kasuwanninsu yana wahalar da kyamara, to ina roƙon wanda ya taɓa wannan aiki ya yi mini bayani. Na gode ƙwarai.

Alhaji_Ɗan_Xiaobei ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Abdul. Allah ya kawo ka lafiya. Ni ba mai hoto ba ne, ɗan kasuwa ne da ya daɗe yana zaune a wannan birni, don haka zan tsaya a kan abin da na sani, wato wurare da halayyar mutane, in bar maganar kyamara ga masu ita.

Lokacin da ka zaɓa ya yi daidai. Bajekolin kaka yana farawa ne ranar 15 ga Oktoba ya ƙare a farkon Nuwamba, a unguwar Pazhou, kuma a lokacin damina ta ja baya, zafi ya sassauta, sararin sama yakan yi haske. Da a ce a watan Maris ko Afrilu za ka zo, da ka haɗu da laimar da ke sa bango da madubi su riƙa tsattsafo da ruwa. Sai dai ka sani cewa Pazhou ba nan ne rayuwar da kake nema take ba. Ka nufi yammacin birnin, gundumar Liwan da tsohuwar Yuexiu, inda tsohon gari yake.

Ka fara da kasuwar unguwa, wadda a nan ake kira kasuwar nama da ganye. Kusan kowace tsohuwar unguwa tana da tata, galibi a ƙasan wani bene ko a cikin wani dogon zaure mai ƙofofi da yawa, kuma ba za ka same ta a littafin 'yan yawon buɗe ido ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka fito wajen ƙarfe bakwai na safe ka bi bayan tsofaffin da ke jan ɗan keken cefane mai ƙafa biyu, domin duk inda suka dosa kasuwa ce. Mutanen Guangdong, lardin da birnin yake ciki, suna da tsananin son abu ɗanye sabo, har da yawansu sukan yi cefane sau biyu a rana, shi ya sa kasuwar take cika daga bakwai zuwa tara na safe, ta lafa da rana har ka ga masu kaya suna gyangyaɗi a bayan teburansu, sannan ta sake tashi daga wajen huɗu da rabi na yamma lokacin da ma'aikata suke komawa gida. Kifi a raye ake sayar da shi cikin kwatarniyar gilashi ko baho mai iska tana ɓulɓulowa, mai saye ya nuna wanda yake so, a kamo shi da koma, a auna, a gyara shi nan take a kan gungumen katako. Ma'auninsu shi ne jin, wato rabin kilo, kuma farashin da za ka gani a rubuce a jikin kwali na jin ɗaya ne.

Daga nan ka je Qingping, wadda take arewa da tsibirin Shamian, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Huangsha. Kasuwa ce da ta bunƙasa tun 1979, lokacin da aka fara sassauta wa ƙananan 'yan kasuwa, kuma a da ta yi suna wajen sayar da dabbobi iri-iri, amma a yau ƙarfinta ya koma ga magungunan gargajiya da busassun kayan miya. Za ka ga buhuna a buɗe cike da saiwoyi, da busasshen naman kaza, da furanni, da ɓawon lemo na Xinhui wanda tsufansa ne yake ƙara masa tsada, har mai shago ya ɓalli ɗan guntu ya kai maka hanci domin ka bambance na bara da wanda ya shekara goma. Titin Yide kuma na busasshen kifi ne da jatan lande da sauran kayan teku. A titin Enning da kewayen Shangxiajiu za ka ga tsofaffin gine-ginen da ake kira qilou, waɗanda benensu ya fito ya rufe hanyar masu tafiya a ƙasa, ya zama doguwar rumfa mai ginshiƙai da ke kare mutane daga rana da ruwan sama, kuma a ƙarƙashinta ake ciniki da cin abinci da buga wasan mahjong. Idan kana da ƙarfin zuciyar shiga lungu, ka je Shipai a gundumar Tianhe, tsohon ƙauye ne da birni ya haɗiye, inda gidaje suka matse da juna har mutum zai iya miƙa hannu ta taga ya gaisa da maƙwabcinsa, kuma ko da tsakar rana fitila ce take haska wasu lungunan.

Kada ka bari Juma'a ta wuce ka. Masallacin Huaisheng da ke titin Guangta yana cikin tsofaffin masallatan ƙasar Sin, hasumiyarsa ta kai kimanin mita 36. Amma taron Juma'a mafi girma a masallacin Xianxian ake yinsa, kusa da lambun Yuexiu, inda akwai kabarin da Musulmin Sin suke dangantawa ga Sahabi Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, ko da yake littattafan tarihinmu sun nuna a Madina aka binne shi. A ranar masu sayar da abinci 'yan ƙabilar Hui da Uygur sukan taru da tsiren rago da gurasa da dafadukar shinkafa, kuma za ka ga fuskoki daga kusan kowace ƙasar Musulmi. Wajen cin abinci kuwa, ka riƙa neman alamar qingzhen, ita ce shaidar halal, domin naman alade da kitsensa suna cikin yawancin girkin Guangdong.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai, shi ne Xiaobei da Dengfeng da Sanyuanli, inda 'yan'uwanmu 'yan Afirka suka fi yawa. Za ka ji kamar ka zo gida, hannunka zai kai ga kyamara, amma nan ne ya fi kowane wuri buƙatar taka-tsantsan. Akwai waɗanda takardunsu suke da matsala, akwai waɗanda ba su son abokan hamayyarsu na kasuwa su san inda suke sayen kaya, kuma mutane ba su manta da abin da ya faru a watan Afrilun 2020 ba, lokacin da aka fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal da sunan yaƙi da korona, har gwamnatin Najeriya ta kira jakadan Sin domin neman bayani. A can kada ka ɗaga kyamara sai da yardar mutum a fili. Fasfonka kuma ya kasance a jikinka kullum, domin doka ce, kuma ana tambaya.

Malama_Hauwa_Hoto ta amsa:

Malam Abdul, barka da wannan niyya. Alhaji ya gama maganar wurare, Allah ya saka masa da alheri. Ni zan yi magana a kan haske da kayan aiki, sannan in faɗi wani abu da yake damuna game da irin hotunan da baƙi suke fitowa da su daga waɗannan kasuwanni.

Gilashinka mai milimita 200 ka bar shi a masauki. Hanyoyin cikin kasuwa ƙunci gare su, sau da yawa mutum biyu ba su iya wucewa sai ɗaya ya karkata, saboda haka ba za ka sami tazarar amfani da shi ba. Fiye da haka, mutumin da ya tsaya daga nesa yana auna mutane da dogon gilashi yana jawo zargi, kuma hoton da zai samu yakan fito a matse, ba ya sa mai kallo ya ji yana cikin wurin. Milimita 35 ɗin nan ya ishe ka. Zai tilasta maka ka matso har ka ji ƙamshin ganyen da ake yankawa, kuma daga wannan kusancin ne hannun mai kaya da sikelinta da fuskar mai saye za su shiga hoto ɗaya.

Game da haske, gaskiya aka faɗa maka. A cikin kasuwa ɗaya za ka tarar da haske kala uku ko huɗu a gauraye: farar fitila a rufi, wata fitilar a rataye kan kowane tebur, hasken rana yana shigowa ta ƙofa, ga kuma hasken allon waya a fuskar kowa. A da matsalar ta fi haka, domin mahauta sukan rataya jar fitila a kan nama domin ya ƙara ja a ido, masu ganye kuma su sa mai launin kore, ta yadda fuskar mutum takan fito kamar an shafa mata jan fenti. Hukumar kula da kasuwanni ta ƙasar ta haramta irin waɗannan fitilu daga ranar 1 ga Disamba, 2023, saboda suna yaudarar mai saye, kuma wannan ya sauƙaƙa wa masu hoto aiki sosai. Duk da haka ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, domin ka iya daidaita launi daga baya, kuma idan kana gyarawa ka bi launin fatar mutum, ka bar bango ya zama yadda ya ga dama.

Matsala ta biyu ita ce ƙyaftawar fitila. Wutar lantarkin Sin tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka fitilu masu araha suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, abin da ido ba ya gani amma kyamara tana kamawa. Idan ka sa kyamara a yanayin ɗauka ba tare da ƙara ba, ka kuma sa saurinta ya yi yawa, za ka ga hoton ya fito da zane-zane masu duhu a kwance. Maganinsa shi ne ka koma ga ɗauka ta asali mai ƙara, ka tsayar da sauri a kan ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa, ka buɗe idon gilashi zuwa f/2.8 ko f/4, ka bar ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya hau yadda yake buƙata. A wannan saurin fuska za ta fito tsaf, amma faffaɗar wuƙar mai kifi da take sauka a kan katako za ta ɗan yi dishi-dishi, kuma a ganina wannan alheri ne, domin shi ne yake nuna cewa aiki ake yi. Filasha kuwa kada ka kusance ta, tana firgita mutane kuma tana kashe yanayin wurin. Idan ka fito daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ka bar kyamara cikin jaka na ɗan lokaci kafin ka fito da ita, in ba haka ba gilashin zai yi gumi. Ka sa takalmi mai riƙe ƙasa, domin daɓen sashen kifi a jiƙe yake koyaushe.

Hasken da ya fi kowanne kyau a bakin ƙofofin kasuwa yake da kuma ƙarƙashin rumfunan qilou. A ƙarshen Oktoba rana tana fitowa wajen ƙarfe shida da rabi, kuma cikin awa biyu na farko haskenta yana shigowa a karkace tsakanin ginshiƙai, ya yanka hanyar gida-gida, nan haske nan inuwa. A daidai lokacin ne masu yin changfen suke zuba ƙullun shinkafa a faranti, su tura shi cikin akwatin tururi, su jawo shi bayan ɗan lokaci su kankare shi ya naɗe, kuma duk sanda aka jawo farantin sai tururi ya turnuƙe. Ka tsaya ta yadda rana za ta kasance a bayan tururin, ba a bayanka ba, sai ka ga ya yi fari tas a kan duhun shagon. Marigayi Fan Ho, wanda aka haifa a Shanghai a 1931 kuma ya ɗauki hotunan tituna da kasuwannin Hong Kong a shekarun 1950 da 1960, an san shi da wannan dabara ta fara neman haske tukuna, sannan ya tsaya ya jira mutumin da ya dace ya shigo cikinsa. Ka nemi hotunansa ka yi nazari kafin ka taso.

Yanzu ga abin da yake damuna. Yawancin baƙin da suka shiga waɗannan kasuwanni da kyamara abin mamaki suke farauta: busasshiyar kunama, kwaɗi cikin raga, ƙafar kaza, kan alade. Sukan wuce tebur hamsin na kabeji da tafarnuwa da ƙwai ba su ɗaga kyamara ba, sai sun ga abin da zai sa mutanen gida su yi tsaki. Sakamakon haka shi ne hoton ƙarya, ko da kuwa kowane ɗaya daga cikin hotunan gaskiya ne, domin zaɓin da aka yi ya karkatar da ma'ana. Masu kasuwar sun san da wannan sarai. Sun ga yadda aka yi ta yaɗa irin waɗannan hotuna lokacin cutar SARS, wadda ta ɓulla a Guangdong a ƙarshen 2002, sun kuma ga abin da ya biyo bayan rufe kasuwar Huanan ta Wuhan, wadda aka danganta da ɓullar korona, a ranar 1 ga Janairu, 2020. A ranar 24 ga Fabrairun wannan shekara majalisar ƙasar ta haramta cin namun daji na tudu, amma zargin bai bar kan talakan da ke sayar da kifi da ganye ba. Shi ya sa za ka lura mai 'ya'yan itace za ta yi maka murmushi, amma mahauci zai iya ɗaga maka hannu ya ce a'a. Mu da muka san zafin yadda ake nuna nahiyarmu a hotunan baƙi, bai kamata mu je mu yi wa wasu irin abin da muke kuka da shi ba. Ka ɗauki hannun da ya yi kanta saboda ruwan sanyi, da jikan da ke aikin makaranta a kan kwandon da aka kifa a bayan tebur, da lambar QR da aka liƙa a jikin sikeli har ta koɗe saboda yawan taɓawa.

Ɗalibin_Shari'a ya amsa:

Malam Abdul, ina so in amsa tambayarka ta doka, domin a nan ne mutane da yawa suke tafiya da tsohon bayani. Kafin 2021, dokar da ake aiki da ita tun 1987 ta hana amfani da hoton mutum ne ba da izininsa ba idan don neman riba aka yi, saboda haka mai ɗaukar hoto don sha'awa yana da faɗin wuri. Amma kundin dokokin mu'amalar jama'a da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2021 ya cire wannan sharaɗi na riba. Sashe na 1019 ya ce ba a yarda a samar da hoton mutum, ko a yi amfani da shi, ko a wallafa shi ba tare da yardarsa ba, sai inda doka ta yi togaciya. Sashe na 1020 ne ya kawo togaciyar, kuma daga ciki akwai aikin jarida inda ba makawa sai fuskar ta fito, da kare maslahar jama'a, da kuma nuna wani wuri na jama'a inda ba zai yiwu a kauce wa mutanen da ke cikinsa ba.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan ka ɗauki faɗin kasuwa da cunkoson mutane, inda wurin ne abin nufi ba wani mutum guda ba, kana da madogara. Idan kuwa ka cika hoton da fuskar mace ɗaya da za a iya gane ta, ka kuma sa a Facebook ko Instagram ba ta sani ba, to ka shiga hurumin da take da haƙƙin neman a cire hoton, a ba ta haƙuri, har ma ta nemi diyya. Magana ce ta ƙara tsakanin mutum da mutum, ba laifin da za a kama ka a kai nan take ba, kuma da wuya mai sayar da ganye ta bi baƙo har ƙasarsa, amma rashin yiwuwar ƙara ba ya mayar da abin halal. Kada kuma ka dogara da cewa an toshe Facebook da Instagram a can, domin hotuna suna tsallakawa zuwa Douyin da Xiaohongshu, shafukan sada zumunta na Sin, cikin sauƙi.

Togaciyar aikin jarida ba ta shafe ka ba, tunda aikin jarida yana da bizarsa ta daban, kai kuwa da bizar kasuwanci za ka shiga. Saboda haka ka nisanci duk abin da zai sa a ɗauke ka ɗan rahoto: sojoji da gine-ginensu, 'yan sanda a bakin aiki, wuraren binciken jami'an tsaro, da kuma rigima tsakanin masu talla a bakin titi da jami'an kula da tsarin birni da ake kira chengguan. Ka tuna kuma cewa yawancin kasuwannin da ke cikin gini suna da ofishin gudanarwa da masu gadi, kuma idan suka ce a daina, sai a daina ba tare da jayayya ba. Yara kuma sai da yardar iyayensu.

Abdul_Mai_Kyamara ya sake rubutawa:

Alhaji, Malama Hauwa, da ɗan'uwa ɗalibin shari'a, Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru fiye da yadda na zata. Sai dai wani abu ya tsaya mini a rai. Idan har sai na nemi izini kafin kowane hoto, ashe abin da nake nema bai kuɓuce ba? Da zarar mutum ya san ana ɗaukarsa sai ya gyara tsayuwa, ya kalli kyamara, ya ɗaga yatsu biyu, kuma wannan ya zama hoton tunawa, ba hoton rayuwa ba. Ta yaya ake haɗa mutunta mutum da samun hoton da bai yi kama da shiri ba, ga kuma matsalar harshe?

Malama_Hauwa_Hoto ta amsa:

Tambayarka tana kan hanya, Malam Abdul, kuma masu wannan sana'a sun daɗe suna saɓani a kanta. Akwai masu ganin cewa a ɗauka tukuna, sannan a nuna wa mutum, idan bai so ba a goge. Ban ce hanyarsu ba ta da amfani ba, musamman a titi inda abu yake faruwa cikin ƙiftawar ido kuma ba zai maimaitu ba, amma a kasuwa ina ganin ba a buƙatarta, kuma dalilina shi ne mai kasuwa ba mai wucewa ba ce. Tana nan a teburinta yau, tana nan gobe, kuma aikinta maimaituwa yake yi, domin za ta auna, ta ƙulla, ta miƙa sau ɗari kafin azahar. Abin da ya wuce ka yanzu zai dawo bayan minti biyar.

Saboda haka izini sau ɗaya ake nema, ba kafin kowane hoto ba. Ka zaɓi kasuwa guda kusa da masaukinka ka lizimce ta. Ranar farko ka shiga da kyamara a rataye a wuya inda kowa zai gan ta, kada ka ɗauki komai, ka sayi ayaba ko lemo jin ɗaya, ka biya, ka yi godiya. Washegari ka koma teburin nan, ka sake saye, sannan ka nuna kyamara ka ce “keyi paizhao ma”, wato ko zan iya ɗaukar hoto. Ko lafazinka bai fita ba za ta gane. Idan ta yarda, lalle za ta yi abin da ka faɗa, za ta tsaya ƙiƙam ta ɗaga yatsu biyu. Ka ɗauki wannan hoton da zuciya ɗaya, ka juya kyamara ka nuna mata, domin wannan nata ne. Daga nan kada ka tafi. Ka koma gefe inda ba za ka tare wa masu saye hanya ba, ka jira. Da zarar mai saye ya zo ya fara taɓa kaya yana neman ragi, hankalinta zai koma kan cinikinta gaba ɗaya, domin ba ta da lokacin yi maka wasan kwaikwayo, kuma a nan ne naka hoton yake. Kasancewarka baƙo baƙar fata yana nufin ba za ka taɓa ɓacewa cikin taro ba, don haka kada ka ma gwada ɓuya. Abin da za ka iya samu shi ne a saba da ganinka har a daina kula ka, kuma wannan ya fi ɓuya amfani nesa ba kusa ba.

Idan kana da niyyar wallafawa, ka rubuta hakan a manhajar fassara ta wayarka ka nuna mata, ka kuma tura mata hotunan. Wanda ya kaɗa maka hannu alamar a'a, ka sunkuyar da kyamara ka yi murmushi ka wuce, kada ka zagaya ka ɗauke shi ta baya.

Alhaji_Ɗan_Xiaobei ya ƙara da cewa:

Abin da Malama Hauwa ta faɗa game da saye kafin ɗauka shi ne daidai, sai dai ka shirya hanyar biya tun kafin ka taso. Kusan duk cinikin kasuwa da waya ake yinsa, ta WeChat ko Alipay, ka haska lambar da ke jikin tebur, wata 'yar na'ura ta faɗi adadin kuɗin da ƙarfi domin mai kaya ta ji ba sai ta ɗago kai ba. Tun 2023 manhajojin biyu suna karɓar katin banki na ƙasashen waje, amma ka gwada naka tun kana gida, ka kuma riƙe ƙananan takardun yuan ɗaya da biyar da goma, domin ba kowa ne yake da canjin yuan ɗari ba. WeChat ɗin ne kuma za ka yi amfani da shi wajen tura musu hotunansu. Taswirar Google ba ta aiki yadda ya kamata a nan, sai ka sauke Amap ko ta Baidu. Ka lura da kekuna masu lantarki a cikin lungu, domin ba su da ƙara, kuma mai kallon cikin kyamara ba ya ganin abin da ke tahowa ta bayansa. Tsofaffin Liwan da yawa harshen Canton suka fi sakewa da shi, saboda haka idan ka ce musu “m goi” a wurin godiya za ka ga fuskarsu ta saki. Idan ka sauka ka yi mini magana ta akwatin saƙo, in Allah ya yarda sai mu haɗu a masallacin Xianxian ranar Juma'a, in haɗa ka da wani yarona mai jin harshen ya raka ka Qingping.